Gidan da Nasiru Ya Samo wa Hajiya Rabi

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da na duba gidan da Nasiru ya samo wa Hajiya Rabi. Lokacin ina shekarata ta biyu a kamfanin duba gidaje a nan Guangzhou, ba a daɗe da ɗaga ni daga tafinta zuwa ƙaramin mai dubawa ba.

Ku sababbi, ku gane yadda abin yake. Dillali ke nemo gida, la'adarsa kuma ba ta fitowa sai an sa hannu. Mu namu shi ne mu shiga kafin nan, mu ƙwanƙwasa tayil, mu gwada wuta da ruwa, mu faɗa wa mai kama gidan abin da muka gani. A da dillalai ke turo mana mutane, har ta kai mai dubawa sai ya kalli fuskar dillali kafin ya buɗe baki. Shi ya sa ogarmu, wata 'yar China da ba ta san wasa ba, ta kafa doka: mai kama gida ne zai kira mu da kansa, dillali kuma ya tsaya a waje har mu gama.

Nasiru ya wuce dillali a wurina. Shi ya tarye ni a filin jirgi zuwana na farko, a ɗakinsa na zauna har na samu nawa. Yaya nake ce masa. Hajiya Rabi kuwa wandunan jins take sara a Xintang, ta gaji da otal, tana son inda za ta riƙa sauka tana tara kaya.

Da muka je duba gidan na ce wa Nasiru ya jira a waje, ya yi dariya ya ce ashe yaro ya zama hukuma. Ya dai fita.

Gwajin ruwa ba wuya. Ana toshe magudanar banɗaki, a tara ruwa a ƙasa, a bar shi kwana biyu, sannan a sauka gidan da ke ƙarƙashi a dubi silin. Da na dawo bayan kwana biyun, Nasiru ya ce kada in wahalar da ƙafata, mutanen ƙasa sun yi tafiya. Na ce to, na sauka na ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa ta buɗe. Ban gama bayani ba ta ja hannuna zuwa banɗakinta. Silin na ɗiga cikin wata roba, robar har ta yi gansakuka. Wannan yoyo ba jiya ya fara ba.

A matakala Nasiru ya tare ni.

"Ƙanena, ka ce wa Hajiya ɗan damshi ne. Garin nan wane bango ne ba ya gumi?"

"Yaya, ba damshi ba ne, yoyo ne."

"Ni za ka yi wa haka?"

Kunya ta kama ni, raina kuma ya ɓaci, don ya san da tsohuwar nan ya ce min ba kowa. Na hau na faɗa wa Hajiya komai.

Ko gezau ba ta yi ba, 'yar kasuwa ce. Ta sa aka kira mai gidan, ta ce ko dai ya fasa banɗakin ya gyara ya kuma rage haya, ko ta koma otal ɗinta. Ya yarda. Ta sa hannu, Nasiru ya karɓi la'adarsa cif, tsohuwa ta huta. Oga ta gyaɗa kai ta wuce.

Na ɗauka magana ta mutu, tunda ba wanda ya yi asara. Ranar Juma'a bayan an idar na je na gai da Nasiru. Ya miƙo min yatsu, ya ce sannu da aiki, ya juya ga na kusa da shi. Da matarsa ta haihu, a bakin mutane na ji, aka yi suna babu ni.

Abin da na gane shi ne, ba don miyagun dillalai aka yi dokar nan ba. Mugu ai da sauƙi, ka ce masa a'a ka ci tuwonka. Don mutanen kirki aka yi ta, waɗanda ka ci abincinsu. Wata rana ɗayansu zai tare ku a matakala, kuma ko kun yi daidai ba lallai ya sake ce muku ƙanena ba.

An ce ɗan nasa yanzu har gudu yake yi. Ni ban taɓa ɗaukarsa ba.