Ranar da Baba Ya Wanke Yashin Shisha

Ranar da Baba ya ɓace, duk gidanmu Harami muka nufa. Ina kuma tsoho zai je a Makka in ba can ba? Lokacin mantuwa ta fara cin ƙarfinsa. Wani sa'in sai ya tambaye mu ko an kora shanu rafi, alhali muna hawa na uku a wani bene a unguwar Shisha, ko kaza ba mu da ita.

A tsaunukan Filato ya tashi, da damina kiwo, da rani haƙar kuza, har ya zo hajji ya zauna, aka haife mu a nan. Labarin ramukan kuza kuwa mun sha shi har ya gundure mu.

Muka zaga Harami, yayana ya leƙa asibiti, ya je wajen 'yan sanda. Rana ta take, irin zafin da ke kwantar da saurayi, balle mai ciwon suga da ya fita ba ruwa. Ni dai na fara kuka, ina jin haushin kowa, har da Baban.

Bayan la'asar maƙwabciyarmu ta ce mijinta direba ya hango wani tsoho da hular Hausawa a bayan unguwa, inda ake fasa dutse za a yi hanya. Muka tari tasi.

Can muka same shi zaune a inuwar katafila, ma'aikata sun ba shi ruwa da burodi. Rabin ruwan ya juye a farantinsu, ya ɗebi yashi yana jujjuyawa a hankali, yana tsiyayar da na sama, yadda ake wanke kuza a ƙwarya. Hannun da cokali ke gagara, ko rawa bai yi ba.

Na durƙusa a gabansa.

"Baba, haram alaik, ka ji tausayinmu! Tun safe muke nemanka."

Ya kalle ni, ya kalli farantin. "Ke 'yar nan, gaya musu su daina wahala. Babu komai a dutsen nan."

Yayana ya maida musu da Larabci, suka fashe da dariya. Ni ma na yi, hawaye na zuba. Na kama hannunsa, duk taɓo, na ce, "Yalla, mu je gida." Ya ce to, amma in bari ya gama wannan farantin. Muka zauna a ƙasa muka jira shi.