Koren Fentin Motar Malam

Maigidana malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, daga Maraɗi aka turo shi Yamai. Ba ya shan taba, ba ya caca, ba ya zaman hira a bakin titi. Cutarsa ɗaya ce tak, tsohuwar motar soja. A gwanjon kayan da bariki ta gaji da su ya saye ta, tun kafin sojoji su karɓi mulki, aka jawo ta da igiyar ƙarfe har ƙofar gidanmu kusa da unguwar Lazaret. Na tambaye shi aikin da za ta yi mana. Ya ce ita ba ta aiki ba ce, ta gyara ce.

Shekara biyu ana gyaran nan. Alhamis da Lahadi, ranakun da babu lakkwal, da hantsi zai shige ƙarƙashinta, sai kiran salla ke fito da shi. Har na fi sanin tafin ƙafarsa da fuskarsa. Kwanon da nake wanke shinkafa ya koma na wanke karbirato, mun yi sati muna cin tuwo mai warin isansi, wato fetur, shi kuma yana cewa bai ji komai ba. Kajina suka mai da kujerar direba wurin ƙwai. Duk wannan na haɗiye, tunda kowa da abin da ke ɗebe masa kewa.

Abin da ban haɗiye ba shi ne launinta. Bayan juyin mulki, koriyar mota a ƙofar gida ta daina zama abin ado. Matan unguwa suka daina shigowa aron turmi, sai gaisuwa daga nesa. Mai tallar nono ta canza hanya. Na ce da shi, "Malam, don Allah ka sake mata fenti. Ko fari, ko shuɗi, ko ma wane iri."

Ya dube ni kamar na ce ya aske gemu. Wata uku ya yi yana neman wannan koren kafin ya samo gwangwani biyu wajen wani tsohon soja, ya shafa mata a hankali kamar mai yi wa amarya lalle.

"Wanga kore shi na asali," ya ce. "In na canza shi, mi ya rage? Kamiyon ɗaukar itace ke nan."

Muka yi ta wannan rigima har ranar da motar ta tashi. Wata Lahadi ce. Ya zura manibel, ƙarfen da ake murɗa injin da shi ta gaba, ya murɗa yadda ya saba murɗawa a banza. Sai ta yi tari, ta yi atishawa, ta saki wani ruri da ya girgiza kwanon rufinmu. Maƙwabcinmu, mai riƙe makullin wani sito na hatsi, wanda a lokacin ake ta kama irinsu, ya ji rurin motar soja a ƙofarsa. Da ɗaurin zane ya haura katanga ya faɗa garken awakin mutane. Matarsa ta leƙo, ba wanda ya tambaye ta, ta ce mana ya yi tafiya tun jiya. Da la'asar ya dawo yana ɗingishi, wai awaki ya je tayawa.

Malam ya ce sai mun je Saga mun ga gonakin shinkafa. Ya saka rigar kakin da yake aikin gyara da ita, ya turo ni sama da ƙyar, na zauna ina kallon rufin gidaje. Gaskiya na ji daɗi, amma ban nuna masa ba.

Ba mu je ko'ina ba. Daidai gefen sansanin Lazaret ta sake tari ta mutu. A wannan fili mutanen arewa suke, waɗanda fari ya kashe musu dabbobi, suna zaune a rumfunan tabarma da tsumma. Malam ya ce ƙaramin abu ne, ya ɗauki sifana ya shige ƙasa. Ni kuma daga sama ina yi masa tsiya, ina tambayarsa ko mun iso Saga ne in sauka.

Da na ɗaga kai, sai na ga mutane suna fitowa daga rumfuna. Ba gudu, ba hayaniya. Kowa da ƙwarya ko kwano ko buhu a ninke, suna zuwa bayan motar suna jeruwa, mata gefe, maza gefe. A lokacin na gane. A koriyar mota ake kawo musu dawa, duk inda ta tsaya nan ne wurin rabo. Sun ma riga sun koyi yadda sojoji ke son layi.

"Malam, fito," na ce.

"Saura kaɗan."

"Fito dai ka gani."

Ya fito da baƙin mai har goshi, ya ga layin ya miƙe har bayan wata bishiya. Ya fara bayani da Faransanci, ya koma Hausa, ya jaraba Zabarmancinsa na sayen tumatir. Ya ce shi malami ne, motar tasa ce, ta sha'awa ce. Duk yaren da ya taɓa, kalmar sha'awar nan ta ƙi shiga. Wani dattijo mai rawani da ke gaban layi ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya ce, "To, soja. Yau ja ce ko fara?"

Sai Malam ya zagaya ya sauke ƙyauren baya don su gani da idonsu. Babu komai ciki sai tsohuwar taya da bokiti. Dattijon ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya juya ya yi wa mutanensa magana. Na zaci watsewa za su yi. Ashe ce musu ya yi motar ba ta kai ga ɗauko hatsin ba ta lalace, a taimaka mata ta tafi.

Suka ajiye ƙore a ƙasa, kowa a gurbinsa, suka dafa motar. Mutanen da iska ke iya kayarwa suka tura wannan uban ƙarfe, ina zaune a sama kamar buhu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ta tashi kuwa. Dattijon ya biyo taga yana haki, ya ce, "In kun ɗauko, muna nan."

Muka iso gida. Na juye ɗan geron da ke gidan a ƙwarya na kai wa mutanen sansanin da ƙafa. Ko mutum goman farko bai isa ba, sauran kuma ba ni suke kallo ba, hanya suke kallo.

Washegari Litinin, Malam bai je lakkwal ba, abin da bai taɓa yi ba. Na fito na tarar da shi da ragowar shuɗin fentin ƙofarmu, yana lafta wa motar ba tsari, fenti na zuba a taya. Rigimar da na daɗe ina yi ke nan na ci, amma ko kaɗan ban ji daɗin cin ba.

"Malam, ai da ka bari an samo mai kyau," na ce.

Bai juyo ba. Ya ce, "Ba ni son wani ya sake miƙewa tsaye saboda ni."