Gwangwanin da Na Tarar a Jakar 'Yar Farina

Ni dai tun farko ban yarda da wannan ƙwallo ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Mace ta bar gida ta tafi birni, a ce aikinta ke nan ta yi ta jifan raga da hannu, kuma wai har ana biyanta? Na ce ruwa ba ya tsami banza. Amma Malam, maigidana, ya amince, sai dai ya kafa sharaɗi guda. Ya ce, "Ke ce uwarta, ke za ki sa ido. Ranar da kika ga abin da bai yi miki ba, ki faɗa mini, ta dawo gida ta zauna." Haka aka ɗora mini kayan da ya fi ƙarfin wuyana.

Yarinyar nan 'yar farina ce. A nan ƙauyenmu na gefen Kunci, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi ido cikin ido. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar. Kakarta ce ta yaye ta, ita ce abokiyar wasanta da sirrinta. In ina da magana, tsohuwa nake gaya wa, ita kuma ta isar. Abin da kawai na riƙa yi mata da kaina shi ne dukan hannu a bakin akushi, domin bahaguwa ce, ni kuwa ba a cin tuwo da hagu a gabana. Wai ashe wannan hagun ce 'yan ƙwallo suke nema ruwa a jallo. Ikon Allah!

Labarin ƙungiyar tasu ma a bakin tsohuwa na ji shi. Wata malamar makarantar 'yan mata ce ta fara tara yara a fili mai tsakuwa, ragarsu sandunan bishiyar turare ne da igiya. Tun ana yi musu dariya har aka daina. Suka fara cinye makarantu, suka zo suka cinye garuruwa, daga baya aka kama musu gida a wajen Ungogo, aka ba su riguna masu dogon hannu da wanduna har idon sawu. Tsohuwa takan ce kofunan da suka ciwo sun cika kabad, sai ka ce jeren amarya. In rediyo ya ambace su, sai ta ƙwala mini kira, "Zo ki ji mutanen jikata!" Ni kuwa in yi kamar aikin gyaɗa ya sha mini kai, alhali kunnena yana can.

Allah Ya yi wa tsohuwa rasuwa da damina. Da kaka ta yi, yarinyar ta zo hutu, lokacin ana tsakiyar cirar gyaɗa. Za ta yi mako guda ta koma, domin ana shirin babbar gasa, wadda a cikinta ne ake zaɓen waɗanda za su buga wa ƙasa. Wannan ne karo na farko da ta zo gida babu wanda zan aika ya tambayar mini ita komai.

Ranar da ta iso ta durƙusa ta gaishe ni, sai idona ya sauka a kan hannunta na hagu. Yatsun sun yi baƙi-baƙi, har zaren tabarma yana manne musu. Sana'ata man gyaɗa ce da ƙuliƙuli, na san kwalabena kamar yatsuna. Washegari na ga mai ya ragu a kwalba ɗaya. Na laɓe, sai ga ta a bayan rumbu tana murza yatsu da man, tana waige-waige. Idanunta jajaye. Ga barcin rana kamar gawa, ta tashi ta cinye kwanon tuwon ƙato biyu, amma ga ta nan a bushe. To, me kake so in zata? Kullum rediyo ba shi da zance sai na shaye-shayen 'yan matan birni. Kuma ran kasuwa ina wucewa ta gaban mai faci, na san warin sholisho, na san samarin da ke tusa tsumma a hanci suna tangaɗi.

Na bari sai da ta bi Malam gona, na shiga ɗakin tsohuwa inda ta sauka, na zuge jakarta. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ɓoye kaya ba, jakar ma a buɗe take a kan gado. Can ƙasa, a cikin safa, na taɓo wani gwangwani mai rubutun boko. Na buɗe. Wani abu ne rawaya mai kauri, yana da yauƙi, ga sawun yatsu a ciki. Na kai hanci, wari ya doke ni, kaina ya sara. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na zauna a bakin gado. Na ce biri ya yi kama da mutum, an gama da ni, an lalata mini yarinya. Ban tsaya wata-wata ba, na kai gwangwanin masai na jefa.

Da a ce tsohuwa tana raye, da magana ta ƙare a nan. Za ta kama kunnen jikarta ta ce, "Ke ja'ira, mene ne wannan?" Ni kuwa sau biyu ina tunkararta a bakin murhu, bakina ya ƙi buɗuwa. Yaya zan dubi tsabar idon 'yar farina in yi mata irin wannan tambaya? Sai na yi abin da ya fi mini sauƙi. Bayan la'asar na sami Malam a zaure na zayyana masa komai, har da ƙari, domin ni in raina ya ɓaci ba na auna magana.

Malam mutum ne mai kaifi ɗaya. Ya kira ta, ya karɓe wayarta, ya ce ita da birni sai dai a mafarki. Ta ce, "Baba, me na yi?" Ya ce, "Tambayi hannunki." Ta dubi hannun, ta dube shi, ta fashe da kuka. Ina jin ta daga tsakar gida tana cewa za a miƙa sunaye, shekara nawa tana jiran wannan gasa. Na ce a raina, yi kukanki, gara ki yi shi yanzu. Har daɗi na ji, wallahi, ina ganin na ceto ta.

Mako ya wuce, har aka shiga na biyu. Ranar wata Talata da hantsi ina cikin matsar tunkuza, sai ga ɗan acaɓa ya sauke wata mata doguwa, kakkaura, da hijabi har gwiwa da jaka a kafaɗa. Ta yi sallama ta ce ita ce kocin yarinyar, sun yi ta kira waya a kashe, ta ji tsoron ko rashin lafiya ce. Na shimfiɗa mata tabarma, amma ko ruwa ban yi niyyar ba ta ba. Ita ba 'yata ba ce, don haka bakina ya buɗe sarai.

Na ce, "Hajiya, amana muka ba ku. Ashe sholisho kuke koya wa 'ya'yan mutane?"

Ta ce, "Sholisho kuma, Inna?"

Na kwatanta mata gwangwanin. Sai ta kwashe da dariya, ni kuwa kamar in rufe ta da muciya. Amma da ta hango yarinyar tsaye a ƙofar ɗaki, ta ga yadda ta rame, dariyar ta tsaya cak. Ta zuge jakarta ta fito da ƙwallo, ta fito da gwangwani irin wancan sak. Ta lakata a yatsunta, ta dafa ƙwallon daga sama ta ɗaga, sai ga shi a rataye bai faɗi ba. Ta ce, "Danƙon itace ne, ɗan'uwan ƙaro. Shi muke shafawa don ƙwallo ya zauna a hannu. Sabulu ba ya fitar da shi sai mai. Kawo hannunki, Inna." Ta shafa mini, ta ɗora ƙwallon. Na yarfe, na sake yarfewa, ya ƙi sauka. Ina tsaye a tsakar gidana da ƙwallo manne a hannu, na rasa inda zan sa fuskata. Jan ido da barci da cin tuwo kuwa, ta ce wanda ya wuni yana gudu a rana ai dole. Waige-waigen bayan rumbu ma, ashe tsoron faɗana take ji a kan man sayarwa.

Aka kira Malam daga gona. Ya ga abin da idonsa, sannan ya shiga ya ɗauko wayar ya ce ta shirya ta bi kocinta. Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, shekaranjiya aka rufe karɓar sunaye. Na jira har ranar ƙarshe. Wata na sa a gurbinta."

Ba wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Koci ta ce yarinyar ta huta, ta dawo in an gama gasa. A gida ta ji wasan ƙarshe, tana zaune kusa da rediyo tana ɓarar gyaɗa. Ƙungiyarsu ce ta ɗauki kofin. Da mai sharhi ya karanto waɗanda aka zaɓa, har da wadda aka sa a gurbinta, sai ta ce "Alhamdulillahi" a hankali, ta ci gaba da ɓara. Ni na shige ɗaki, domin ba zan iya kallonta ba.

Ranar da za ta koma, na cika babbar kwalba da mai na sabuwar gyaɗa, wanda ban taɓa ba kowa kyauta ba. Na bi ta har zaure, abin da ban taɓa yi ba. Na so in kira sunanta, na so in ce ta yafe mini, harshena ya yi nauyi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ungo, man wanke hannu."

Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Inna." Sannan ta zaro wani ɗan makulli da ke rataye a wuyanta, ta buɗe sabon kwaɗon da ke jikin jakar, ta sa kwalbar a ciki, ta mayar ta kulle.