Ladan Hammadu da Kunkunniyar Fatakwal

Hammadu mutumin Gumel ne. Yana saurayi ya hau tirelar shanu ya sauka a Fatakwal tare da amininsa Abdurrahim, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya. Shi Hammadu ya kama sana'ar albasa a Kasuwar Creek Road. Allah ya ba shi murya, don haka da ladanin ƙaramin masallacin bayan kasuwa ya rasu, ba a yi dogon shawara ba aka ce ya karɓa. Abdurrahim kuwa ya shiga harkar tankokin mai, ya zama Alhaji, ya zama shugaban kwamitin masallacin. Duk da haka bai daina zuwa rumfar albasa su ci tuwo a kwano ɗaya ba.

Sai garin ya fara wayar gari da baƙar kunkunniya. Hafsa, matar Hammadu, za ta shanya farar rigarsa, kafin ta bushe ta koma kamar tsumman goge tukunya. In ya shaƙa ruwa wajen alwala, baƙi yake fyacewa. Kowa ya san daga ina take: daga fadamun bayan gari, inda ake dafa ɗanyen man sata a fitar da dizal.

Tari ya kama Hammadu ya ƙi saki. Wata azahar yana tsakiyar kiran salla muryar ta sarƙe, sai wani ne ya ƙarasa. Hafsa ta tsare shi a dole suka hau okada zuwa asibiti, aka yi gwaji. Nas ɗin da ta yi masa bayani, Jemimah, 'yar Kafanchan ce, Hausa a bakinta kamar a Kano.

"Baba, ba tarin tibi ba ne," in ji ta. "Iskar garin nan ce. Kunkunniyar da kake gani a riga manyan ƙwayoyin ne. Akwai ƙanana da ido ba ya gani, su ne ke wucewa can cikin huhu, har jini suke shiga. Yara da tsofaffi sun fi shan wahala."

Hammadu ya tuna yaran Islamiyya da tari ke hana su kai ƙarshen aya. Ya yi niyyar roƙon liman ya yi maganar a gaban jama'a. Amma ya san tankokin amininsa suna ɗauko wannan dizal ɗin, kuma ba ya son ya kunyata shi. Sai ya je ya same shi shi kaɗai, ya faɗa masa duk abin da nas ta ce.

"Haba Hammadu, ni ba na dafawa, saye nake," in ji Alhaji. Sannan ya kama hannun Hammadu. "Amma ka yi gaskiya. Ka bar maganar tsakaninmu, kada ta kai masallaci. Na yi maka alkawari zan cire hannuna."

Hammadu ya koma gida da farin ciki, har ya ce wa Hafsa, "Ai na gaya miki, Abdurrahim ɗan halas ne."

Ba a jima ba ya lura in ya shiga sahu na kusa da shi suna matsawa. Masu sayen albasa suka ragu. Kwamiti ya aiko masa cewa ya huta da kiran salla har ya samu sauƙi. Ranar da Imrana mai shayi ya zuba masa a wani kofi da ya ware gefe guda, Hammadu ya tambaye shi dalili.

Imrana ya sunkuyar da kai. "Baba Ladan, ka yi haƙuri. Alhaji ne ya ce tibi gare ka, wai da bakinka ka gaya masa. Ya ce ciwon har ya fara taɓa maka kai, kada a biye wa maganganunka."

Hammadu ya ajiye kofin. Ya taka har garejin tankoki, yana tsayawa yana haki a hanya.

"Abdurrahim, ni za ka yi wa haka?"

Alhaji bai iya kallon idonsa ba. "Da ka yi magana, mutum nawa za su rasa abinci? Ka yi tunanin wannan?"

"Yaran da ba sa iya numfashi fa?"

Alhaji ya juya ya shige ofis. Wani direba da ya tausaya wa Hammadu ya raka shi bakin titi, shi ne ya gaya masa cewa tun bara Alhaji ya kwashe iyalinsa ya mayar Kano, saboda likita ya ce ƙirjin autarsa ba zai jure iskar Fatakwal ba.

Wannan ya fi ƙaryar tibi yi masa ciwo. Ashe Alhaji ya sani tun da daɗewa.

Hafsa ta ce su kira Jemimah ta zo ta yi wa jama'a bayani. Ta zo kuwa, matan unguwa suka saurare ta, wasu suka fara sa wa yaransu takunkumin rufe hanci. Liman ya zo har gida ya ba da haƙuri. Amma ladanci an riga an ba wani, muryar ma ba ta dawo ba.

Har yanzu Hammadu yana rumfarsa, da takunkumi a fuska. In tari ya lafa yakan tsayar da duk uwar da ta zo sayen albasa da goyo, ya gaya mata ta rufe wa yaron hanci. In Alhaji ya yi masa sallama a masallaci yana amsawa, don sallama haƙƙi ce. Daga nan ba ya ƙara komai.