Ranar da Inna Ta Ji Zan Yi Sel

Yau 'ya'yan ƙanena kan latsa waya su ga ƙwayar halitta tana juyawa da launinta. A zamaninmu da hannu ake gina ta. Wata Asabar ce a tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da ganye ke zuba muna sharewa, ina aji bakwai, muna zaune a East Greensboro ta ƙasar Amurka, kusa da jami'ar da Baba ke karatu. Kakata Inna ta zo daga Zariya jegon Mama. Wata biyu muna kwana ɗaki ɗaya, amma hira ba ta taɓa haɗa mu ba. Ta yi mini Hausa, in mayar da Turanci, ta ce "Baturiya" ta kau da kai. Saura mako uku ta koma.

Ranar na baje kwali da gam a tebur, na gaya wa Mama malamar kimiyya ta ce in yi sel. Inna ta saki carbi. "Sel? Me yarinyar ta sata?" Sel ɗin da ta sani na 'yan sanda ne, ba ƙwayar halitta ba. Mama ta yi dariya har jariri ya farka, ta ɗauke shi ta bar ni da bayani.

Haka na yi ta kame-kame da guntuwar Hausata. Na ce a cikin ƙwayar akwai wasu 'yan mitsi-mitsi, ribosom, su ke haɗa furotin mai gina jiki. Daga nan ya bi wasu lunguna a gyara shi, ya isa wurin Golgi, wanda ke ƙunshe shi, ya sa masa alama, ya aika inda ake bukata. Inna ta ce, "Ashe gidan suna ne! Ga masu girki, ga uwar rabo da ta san kwanon kowa." Ta kwance geron da ta ƙullo don kunun mai jego, muka yi ta manna shi ƙwaya-ƙwaya a matsayin ribosom a jikin taliyar da na yi lungunan da ita, tana gyara mini harshe, ina gyara mata zanen ƙwayar, har la'asar.

Na zauna a Alƙahira, na zauna a Dakar, na ji an koyar da darasin nan da Larabci da Faransanci, ban ji wanda ya kamo ƙafar Inna ba. Bayan ta koma Allah bai sake haɗa fuskokinmu ba, sai dai kaset da nake cika mata da surutu. Tun daga wannan Asabar, da Hausa nake amsa wa manya.