Gwangwanin Gwaggo

Jiya jikata ta bar famfo yana zuba tana hira, sai na tuna gwaggona, wadda ta zo Kumasi daga Nijar da dokar ruwanta. Ko ruwan sama ya cika unguwarmu ta Zango, randarta a rufe take. "Rijiyarmu tafiyar yini ce," in ji ta kullum, sannan ta auna maka da gwangwanin tumatir.

A ranin 1970 famfo ya ɗauke, daidai ranar da zan je gaida iyayen budurwata Hawa a unguwar Bantama. Gwaggo ta auna mini ruwan wanka da gwangwaninta.

"Gwaggo, ƙara mini, aure fa nake nema!"

"Kai za su duba, ba randata ba. Tsaya gindin lemo ka yi, shi ma ya sha."

Ruwa ya ƙare kafin sabulu. Na durƙusa gaban surukai da busasshen kumfa a bayan kunne, na ce shi ke nan, Hawa ta wuce ni. Kakarta ta leƙo, ta yi dariya har da hawaye: "Wannan ba zai ƙarar mana da randa ba. A ba shi!"

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya shayar da ita ruwan Alkausara, amma ba da gwangwani ba.