Mai Bokiti a Bakin Sabon Filin Wasa

Jama'a, ku zo ku ga wata baiwar Allah a bakin sabon filin wasa! Siririya ce, in ta juya gefe sai ka neme ta ka rasa, bokitinta kuwa wallahi ya girme ni. A kafaɗarta ga rigar gasar ƙwallon nan da aka raba mana, ranar da aka rantse gasa za ta kawo mana ruwa har ɗaki. Da ganinta ka san ta fi kowa tafi ranar.

Yau famfon unguwa ko tari ba ya yi, na cikin fili kuwa sai juyi yake yana yi wa ciyawa wanka. Ita kuma ta manna bokiti jikin wayar shinge tana tarar feshi.

"Iya, matsa," in ji mai gadi, "ruwan ciyawa ne, baƙi na tafe."

"To ɗana, in ta ƙoshi ka ce ta rage mini. Jikokina ko fuska ba su wanke ba."

Ta naɗe rigar ta yi gammo, ta ɗora bokitin da ruwa ko gindinsa bai rufe ba, tana tafe a hankali kada ya zube.